In Turken Lantarki Ya Faɗo Wa Mota, Wa Zai Biya?

Da damina ta kankama, ba abin mamaki ba ne iska ta kayar da ruɓaɓɓen turken lantarki a kan motar da aka ajiye a gefen titi, ko kuwa ƙafar mota ta rufta cikin ramin da ma'aikatan ruwa suka haƙa ba su cike ba. Galibi mai mota yakan ce ƙaddara ce, ya nufi gareji. Alhali kuwa doka ta ba shi ikon neman diyya, matuƙar sakaci ne ya jawo ɓarnar.

Kada ya dogara da inshorar nan ta dole, domin ita ɓarnar da ya yi wa wani kaɗai take biya. Abin da zai cece shi shaida ce: hoton motar tun ba a janye ta ba, rahoton 'yan sanda, sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu, da takardar kiyasin kuɗin gyara. Daga nan sai ya rubuta wa kamfanin takarda, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Maganar baka tana da wuyar tabbatarwa a kotu.

Tun 2013 rarraba wuta ya koma hannun kamfanoni, saboda haka na yankinsa zai nema. Hukumomin ruwa kuwa na gwamnatocin jihohi ne, kuma a nan ne ake yin asara, don dokar kare ma'aikatan hukuma wata 3 kacal ta ba da a shigar da ƙara. Wanda ya zauna jiran “ka dawo gobe” har wa'adin ya wuce, lauyan hukumar zai nemi a kori ƙararsa tun ba a saurari shaidunsa ba.