Furen Kuɓewa a Gaban Kyamara

Wanda duk ya taɓa shiga gonar kuɓewa da hantsin damina, ya ga furenta ruwan ɗorawa mai taushi, da jan tsakiya mai duhu, wanda ke buɗewa da safe ya yanƙwane kafin faɗuwar rana, ba zai yi mamakin mai kyamara da ya durƙusa gabansa ba. Abin takaici kawai shi ne, galibi in an duba hoton sai a tarar launin ya ƙone ya koma fari fat, tsakiyar kuwa ta zama baƙin rami.

Musabbabin haka shi ne, ma'aunin hasken kyamara an gina shi bisa zaton cewa duk abin da ke gabansa matsakaici ne, wato toka-toka mai mayar da kimanin kashi 18 cikin 100 na haske. Saboda haka idan ganyaye masu duhu suka kewaye furen, sai na'urar ta yawaita haske har ta halaka shi, alhali wajibi ne a rage mata kamar mataki ɗaya. In kuwa farin bado ne ya cika hoton, ƙari ake yi. Ranar tsaka ba ta da alheri ga wannan aiki. A jira gajimare, ko a sa yaro ya riƙe farin ƙyalle tsakanin rana da fure.

Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta zurfi, wato yawan abin da zai fito tangaran daga gaba zuwa baya. Tun zamanin Ibnul Haisam, mai Kitabul Manazir, wanda ya rasu a Masar wajen 1040, masana suka lura cewa hasken da ya shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa yakan zana sura bayyananniya amma mai rauni, kuma har yau ƙofar madubin kyamara ba ta fita daga wannan hukunci ba. Idan aka matsa har surar fure ta kai girmansa na haƙiƙa a kan fim mai faɗin milimita 35, to ko an tsuke ƙofar zuwa f/16, abin da zai fito tangaran bai wuce kaurin milimita 2 ba. In an ƙara tsukewa hoton duka ya yi laushi, hasken ya ƙaranta, sai an daɗe ana ɗauka, iska kuwa ba ta jiran kowa. A ganina, tunda samun duka ya faskara, hikima ita ce mutum ya yanke shawara tun kafin ya danna: ya ɗora saitinsa a kan sandar tsakiya mai ɗauke da garin fure, ya bar gefuna su yi dishi-dishi bisa niyya.

Sai abin da ke bayan furen, wanda ido ke gafala da shi amma kyamara ba ta yafe masa. Bajamushen nan Karl Blossfeldt, wanda littafinsa na hotunan tsirrai ya fito a 1928, yakan ajiye tsiro gaban fili marar ado ko kaɗan, domin siffarsa kaɗai ta bayyana. A gona ba sai an kai ga haka ba: gusawa taki ɗaya, har kara ko leda su fita, inuwa mai nisa ta maye gurbinsu, ya wadatar, domin gwargwadon nisan bayan daga furen, gwargwadon narkewarsa.