In Neman Aiki Ya Ci Tura

Ɗalibanmu masu fita, wasunku za su rubuta wasiƙar neman aiki sau goma, sau ashirin, amma shiru kamar an shuka dusa. Daga nan sai gwiwa ta yi sanyi. Mutum ya koma barcin rana, yana gudun abokan karatunsa saboda kunya.

Babban dalili shi ne zuba ido ga ƙofa ɗaya, wato aikin gwamnati. A lokacin shirin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda aka fara a 1986, an sallami ma'aikata da yawa, alhali masu gama makaranta ƙaruwa suke yi kowace shekara. Saboda haka shirun nan ba shaida ba ce cewa ba ka iya kome ba.

To, me za ka yi? Na farko, ka tashi da sassafe kamar mai zuwa ofis, ka keɓe sa'o'i biyu don neman aiki. Na biyu, ka koyi sana'a. An kafa hukumar NDE a 1986 don rage zaman banza, tana kuma haɗa matasa da masu gidan sana'a kamar kafinta, walda da ɗinki. Na uku, ka gaya wa 'yan'uwa da tsofaffin malamanka abin da kake nema, domin sau da yawa ta bakin mutane ake jin labarin gurbi.

Ƙaramin aiki, ko da koya wa yaran unguwa lissafi ne, yana maido da ƙarfin zuciya. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.