Igwogin Tanimu: Yadda awon bututun bindiga ya taka rawa a faɗuwar Damagaram

Duk wanda ya san tarihin Damagaram ya san ba a ambaton Sarki Tanimu ɗan Sulaiman ba tare da an ambaci bindiga ba. Shi ne ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa, ya mulki ƙasar fiye da shekara 30 kafin rasuwarsa a 1884. Masana tarihi sun ruwaito cewa ya tara bindigogi wajen 6,000 da igwa 40.

Ba duka ya saya ba. Fataken da ke ratso Sahara daga Tarabulus suna kawo masa bindigogi, amma a nan Zinder maƙera ke zuba igwa da tagulla, a nan kuma ake haɗa albarushi. Sarakunan da suka iya haka a wannan yanki a ƙarni na 19 ba su da yawa.

Sai dai shekara 15 kacal bayan rasuwarsa, a ƙarshen watan Yulin 1899, rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta kara da sojojin Faransa a Tirmini, yamma da Zinder, aka ci ta da yaƙi. Wannan sarki ne fa ya kai yaƙi har ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu. Ba jarumta ce ta gaza ba, ba kuma yawan mutane ba. Babban ɓangare na bambancin yana cikin ramin bututun bindiga, inda ido ba ya gani.

Rami mai sulɓi

Galibin bindigogin Damagaram irin waɗanda ake ɗurawa ta baki ne. A zuba albarushi, a tura dalma, a danna da sanda. Don dalmar ta shige da sauri, dole ta fi ramin ƙanƙanta. Wannan 'yar tazara ita ce matsalar. Idan aka harba, wani ɓangare na ƙarfin wutar yana zurarewa ta gefe, dalmar kuma tana tafe tana bugun bangon bututun, ta fita ta inda ta ga dama. Da wuya irin wannan bindiga ta samu mutum guda da aka auna idan ya wuce mita 100.

A igwa abin ya fi tsanani. Maƙerin da ke zuba tagulla ba shi da injin da zai rarake rami miƙaƙƙe mai faɗi ɗaya daga baki zuwa gindi. Idan kuma iska ta maƙale a cikin ƙarfen lokacin zubi, wurin ya raunana, igwar na iya tarwatsewa kan masu harba ta. Amfaninta ya fi yawa wajen dukan ganuwa da firgita dawaki.

Sojojin Faransa na wancan zamani kuwa suna riƙe da irin su Gras, wadda aka fara amfani da ita a 1874. Faɗin raminta milimita 11 ne, an tsattsaga cikinsa da layuka masu murɗewa waɗanda ke kama harsashi su sa shi juyawa kamar katantanwa, ya tafi miƙe. Ta baya ake saka mata harsashi, a wani gurbi da aka yanka daidai da kwanson tagullarsa, don haka wuta ba ta da hanyar fita sai gaba. Tun 1886 ma Faransa ta fito da Lebel mai milimita 8, mai albarushi marar hayaƙi. Mai irin wannan makami yana samun mahayi tun yana ɗaruruwan mita daga nesa, ya sake ɗurawa sau da dama kafin ɗan bindigar sarki ya gama danna sandarsa.

Awon da ake yi har yau

Abubuwan nan uku, wato faɗin rami, murɗin tsaga da gurbin harsashi, su ne har gobe masu gasar harbi ke ta muhawara a kansu. A harsashin da ake kira .308 Winchester, faɗin ramin milimita 7.62 ne, zurfin tsagar ya kai shi 7.82, kuma bisa ƙa'ida harsashin kan yi juyi ɗaya a kowane santimita 30 da ɗoriya. Harsashi mai tsawo yana buƙatar murɗi mai sauri, in ba haka ba sai ya wuntsila a iska.

Tsawon bututu kuma, saɓanin yadda mutane da yawa ke zato, ba shi ke kawo iya saiti ba, gudu yake ƙara wa harsashi. Shi ya sa masu gasar Palma, da ke harbi har yadi 1,000, suke zaɓar bututu mai kimanin santimita 76. Gurbin harsashi ya fi wuyar sha'ani. In ya yi sako-sako harsashin ya shiga ramin a karkace, in ya matse da yawa ƙarfin wuta ya hau fiye da kima. Saboda haka ne hukumar CIP da ke Brussels da takwararta SAAMI ta Amurka suke ƙayyade awon kowane gurbi. A gasar Olamfik ta mita 50, da'irar da ke ba da maki goma faɗinta milimita 10.4 ne kawai.

Bayan Tirmini, Kuran Daga ya fice daga birnin, aka kashe shi a watan Satumban wannan shekara. Faransawa suka kafa barikinsu a Zinder, suka raɗa masa sunan Kyaftin Cazemajou, jami'insu da aka kashe a garin a 1898.