Inshorar Mota: Ta Shingen Hanya Ce ko Ta Ranar Karo?

Wata ranar Alhamis da yamma, ina tsakiyar wani shataletale a Kano, wani bawan Allah ya kutso ta damana ko birki bai taɓa ba, ya kwashe mini fitilar gaba da rabin bamba. Kafin in kashe mota an kewaye mu. Nan take alƙalai suka yi yawa. Wani ya ce ai ni ne ban yi hon ba, wani ya ce tsautsayi ba a sa masa rana, wani dattijo kuma ya riƙe hannuna yana ta faɗin, "Alhaji, a yi haƙuri, tunda dai ba a zubar da jini ba." Muka kwashe kusan awa guda ana kai ruwa rana kan wanda zai biya mai gyara. A duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya ambaci inshora, har ni da takardar tawa ke ninke a aljihun mota.

Haka akasarinmu muke. Muna sayen inshora ne domin ɗan sanda ko jami'in kiyaye haɗurra da zai tsayar da mu ya ce a kawo takardu. Da ya duba ya miƙo, aikinta ya ƙare a wurinmu. Alhali ba don shi aka yi ta ba. Alkawari ne tsakaninka da wani kamfani cewa idan ka yi wa wani ɓarna da motarka, shi zai biya a madadinka. Wanda ya sayi inshora sannan ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya gyara motar da ya buge, sau biyu ya biya.

Tilasta wannan inshora ba sabon abu ba ne a Najeriya. Dokar farko tun 1945 aka yi ta, zamanin Turawa. Dokar inshora ta 2003 ta ƙara ƙarfafa ta, a watan Agustan 2025 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar doka da ta tattara tsofaffin wuri guda. Daga ranar 1 ga Fabrairun 2025 ne 'yan sanda suka sanar da fara matsa wa direbobi lamba a kanta a duk faɗin ƙasa. Sakamakon haka mutane da yawa suka je suka yanki takarda, amma ƙalilan ne suka tambayi abin da ke cikinta.

Wadda doka ta wajabta ita ce direbobi ke kira tad fati, ma'ana inshorar mutum na uku. Kai ne na farko, kamfani na biyu, na ukun kuwa duk wanda motarka ta yi wa lahani: mai motar da ka buge, mai tafiya a ƙasa, mai katangar da ka rusa, mai teburin lemon da ka watsar. A nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka bari in faɗa ƙarara: tad fati ba ta gyara motarka. Ko da motar ta koma kamar gwangwanin madara da aka taka, kamfaninka ba zai ba ka ko kwabo ba. Idan wani ne ya buge ka, kamfaninsa za ka bi, ba naka ba.

Hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, NAICOM, ta ƙara farashi daga 1 ga Janairun 2023. Motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Adaidaita sahu 5,000 ne a kan miliyan 2, babur 3,000 a kan miliyan 1, manyan motocin dakon kaya 100,000 a kan miliyan 5. Wannan iyaka ta dukiya ce. Rauni da rasa rai lissafinsu daban. Miliyan 3 tana da daɗin ji, amma duk wanda ya leƙa kasuwar kayan gyara tun bayan faɗuwar naira a 2023 ya san cewa fitilu biyu da bamba da bonet na wata babbar jif za su iya lashe ta. Abin da ya haura iyakar, wuyanka yake hawa. Wanda yake yawan zirga-zirga a Abuja ko Legas, inda motoci masu tsada suka yi yawa, yana iya neman kamfani ya ɗaga masa iyakar, ya ƙara ɗan kuɗi.

Mai son a gyara tasa motar, sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa karo da gobara da sata. Farashin da NAICOM ta gindaya bai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba, wato motar miliyan 8 za ta ci 400,000 a shekara. Da tsada, ba musu. Kuma ko ita "cikakkiyar" suna ne kawai, tana da ramuka. Akwai wani kaso na farkon kuɗin gyara da aka rubuta cewa kai za ka ɗauka, kamfani ya biya sauran. Ambaliya da tarzoma sau da yawa sai an ƙara su da kuɗi na daban. Ga kuma tarkon da ya fi kama mutane a 'yan shekarun nan: mota da aka yi wa inshora a kan miliyan 5 tun da can, yau ta kai miliyan 10 a kasuwa, mai ita yana ta sabuntawa a kan tsohon farashi don ya rage kuɗi. Ranar da aka sace ta, ba za a ba shi fiye da abin da ya rubuta ba. Ko a gyara ma kamfani na iya rage masa gwargwadon yadda ya rage darajar.

Na san da yawa daga cikinmu ba tsada ce ta hana su ba, shakku ne na addini: batun riba da rashin tabbas a cikin cinikin. Wannan ba hujjar yawo da takardar banza ba ce yanzu, domin NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da ke aiki da su. A tsarin, gudummawa kuke zubawa cikin asusu guda don tallafa wa wanda tsautsayi ya faɗa wa, idan an samu rara a ƙarshe a raba wa waɗanda suka cancanta. Ɗan sanda zai karɓi takardarsu kamar kowace.

Kafin duk wannan akwai tambayar da ta fi muhimmanci: takardar hannunka ta gaske ce? Yawancinmu dillali muke ba kuɗi dunƙule ya haɗo mana takardun mota gaba ɗaya, ba mu san ma sunan kamfanin ba. Idan wani ya ce zai yi maka tad fati ta motar gida a naira 4,000 bayan farashinta 15,000, to ka san takarda da tawada ya sayar maka. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai a intanet, askniid.org, inda za ka sa lambar motarka ka ga ko tana ciki, da kamfanin, da ranar ƙarewa. Minti biyu ya isa. Ka kuma tuna ƙa'idar nan ta masu inshora: in kuɗi bai shiga hannun kamfani ba, babu alkawari. Ka nemi rasit.

Yanzu mu koma bakin titi, inda ake samun gaskiya ko a rasa ta cikin rubu'in awa guda.

Idan akwai wanda ya ji rauni, shi ne farko, a kai shi asibiti ko a kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122. Idan kuma ka ga taron ya fara zafi, musamman in ɗan acaɓa ko yaro abin ya shafa, kada ka tsaya jayayya. Ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai kanka. Wannan ba gudu ba ne. In babu rauni kuma taron bai yi zafi ba, kafin a motsa ko da taya ɗaya, ciro wayarka. Ɗauki hoton motocin biyu daga nesa yadda za a ga titin da inda kowace ta tsaya, sannan ka matso ka ɗauki ɓarnar, da lambar ɗaya motar, da sawun birki a kwalta, da gilashin da ya zube, domin inda tarkace ya zuba yakan nuna inda aka haɗu. Na baya za su yi ta danna hon, wasu har da zagi. Ka jure na minti ɗaya. Da zarar an janye motoci gefe, labari ya zama na wanda ya fi murya. Ka ɗauki hoton lasin direban da takardar inshorarsa, ka karɓi lambar wayar mutum ɗaya ko biyu da suka ga abin da idonsu. Mai shago ko mai shayin wurin ya fi ɗan kallo amfani, don gobe ma nan za ka same shi.

Akwai wani sharaɗi a takardun inshora da ke cin karo da tarbiyyarmu: kada ka amsa laifi, kada ka yi alkawarin biya, sai da yardar kamfani. Mu kuwa an raine mu a kan cewa idan ka ɓata wa mutum, ka sauko ka ba shi haƙuri. A ganina ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. "Sannu, Allah ya tsare gaba, ba ka dai ji ciwo ba ko?" magana ce ta mutunci, ba ta ɗaure kowa. Wadda ke ɗaure mutum ita ce "laifina ne, kai ta gareji zan biya," balle a ce ka sa hannu a takarda. Kamfanin da zai fitar da kuɗin yana da haƙƙin ya duba ya gani da kansa, in ka riga shi yanke hukunci yana iya zame jikinsa. Abin da za ka ce shi ne kana da inshora, ga sunan kamfanin, yau ɗin nan za ka sanar da su. Kuma ka sanar ɗin, a rubuce, ko da kana ganin kai ke da gaskiya. Jinkirin sanarwa na cikin dalilan da kamfanoni ke fakewa da su.

To wa ke da laifi? Titi yana da nasa dokokin da babu su a kowane littafi. Na farko, mai babban abin hawa shi ne mai laifi: mota ta haɗu da babur, mai mota, tirela ta haɗu da mota, mai tirela. Wannan tausayi ne, ba shari'a ba. Ɗan acaɓan da ya biyo hannun da ba nasa ba da dare babu fitila, ƙanƙantar babur ɗinsa ba ta wanke shi. Na biyu, wanda ya bugi baya shi zai biya. Galibi haka ne, domin wajibi ne ka bar tazarar da za ta ishe ka tsayawa. Amma akwai wanda ya yi ribas ya same ka a tsaye, akwai wanda danjar birkinsa ta mutu tun bara, akwai babbar motar da ta lalace a tsakiyar hanya cikin duhu, ba alamar gargaɗi sai ɗan ganyen da aka yaɓa taku biyar daga bayanta. A shataletale kuwa, tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, mai shigowa shi ke jiran wanda ya riga shi shiga, wato na hagunsa. Mai fitowa daga lungu yana jiran na babban titi. Sannan laifi yana rabuwa: kotu na iya samun ɗayan da babban kaso, ta rage maka diyya gwargwadon naka sakacin, kamar gudun da ya wuce kima ko rashin ɗaura bel.

'Yan sandan sashen kula da zirga-zirga su ke auna wuri, su zana taswira, su rubuta rahoto, wani lokaci a kira jami'in duba lafiyar motoci ya gwada birki. Rahoton nan kamfani zai nema, musamman in ɓarnar babba ce ko an ji rauni, tare da hotuna, da kwafin lasin, da ƙiyasin kuɗin gyara daga gareji. Kada a fara gyara kafin mai duba ɓarna na kamfani ya ga motar. Ka kuma sani, ɗan sanda bincike yake yi, yana iya gurfanar da direba kan tuƙin ganganci, amma ba shi ke yanke diyya ba. Idan kamfani ya yi ta ja maka rai, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma kamfanoni ba sa son sunansu ya je can. Bayan nan sai kotu. Jihohi kamar Legas da Kano suna da kotunan ƙananan ƙararrakin kuɗi da mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya.

Wasu abubuwa kuma mu ke kashe wa kanmu inshora da su. Motar da aka rubuta ta gida ce, ana kabu-kabu da ita bayan an tashi daga ofis. Makulli a hannun yaron da bai da lasin, wai yana koyo. Lasin da ya mutu wata uku ba a sabunta ba. Kowanne cikin waɗannan ƙofa ce da ka buɗe wa kamfani ya fice.

Ban ce duk ɗan gogen fenti sai an kai wa kamfani ba. In ɓarnar ta dubu goma ce, sulhu a wurin ya fi sauƙi, kuma ya fi dacewa da zaman tare. Sai dai a rubuta: abin da aka yarda, nawa aka bayar, an rufe magana, kowa ya sa hannu da shaidu biyu, kuɗin kuma a tura ta banki don a bar sawu. Sau da yawa wanda ya ce ya yafe da yamma, gari na wayewa ya ji ƙiyasin bakanike sai ya dawo da 'yan'uwansa.

Ni dai a ranar nan ban ɗauki hoto ko ɗaya ba, mun janye motoci tun kafin in dawo hayyacina. Aka yi sulhu irin na dattawa, aka raba kuɗin gyara biyu, na biya rabin ɓarnar da ba ni na yi ba. Bayan kwana biyu, ina zaune a gareji ana ɗaura sabuwar fitila, na sa lambar motar mutumin a rumbun nan don in ga kamfaninsa. Ba ta ciki. Sai na ce bari in gwada tawa. Ita ma ba ta ciki.