Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka rataya fitilar ado a saman teburin cin abinci

Mutum zai kashe kuɗi masu kauri ya sayo fitilar ado mai rassa, irin wadda masu shagon kayan lantarki ke kira shandaliya, sannan ya miƙa wa mai wayarin ya ce ya sa ta inda ya ga ta dace. Shi kuwa mai wayarin abin da ya saba shi ne ya naɗe sarƙar ya manna fitilar kusa da silin, don kada wani ya bugi kansa a zo ana neman sa. A ƙarshe sai ka ga fitila mai kyau can sama tana haska rufi, tebur kuma yana cikin duhu-duhu. Wannan abu yana damuna, domin gyaransa bai fi tef ɗin awo da ɗan lissafi ba.

Daga ina ake fara awo?

Daga saman tebur ake aunawa zuwa ƙarshen fitilar na ƙasa, wato ƙwan da ya fi kowane saukowa ko ɗan gilashin da ke lilo a gindinta. Awon da masu tsara cikin gida suka daɗe suna amfani da shi shi ne santimita 75 zuwa 90, ko inci 30 zuwa 36 ga wanda ya saba da inci. Teburin cin abinci yawanci tsayinsa santimita 75 ne, saboda haka gindin fitilar zai tsaya tsakanin santimita 150 da 165 daga daɓe.

Wanda ya ji wannan zai ce ai ta yi ƙasa, dogon mutum zai yi karo da ita. Haka ne, da a tsakiyar falo take. Amma ba wanda ke ratsawa ta tsakiyar tebur. Teburin ne ke tsare ta, shi ya sa aka ba ta damar saukowa har haka.

Me ya sa wannan tazarar?

Abubuwa biyu ne ke ja-in-ja a nan, kuma wanda ya gane su ba ya bukatar haddace lamba.

Na farko idon mai zaune. Babban mutum idan ya zauna a kujerar cin abinci, idonsa yana kusan santimita 40 zuwa 50 a saman tebur. Idan fitila ta sauko kusa da nan, sai ta shiga tsakanin maigida da baƙonsa, kowa yana leƙen ɗan'uwansa ta gefen gilashi, ga kuma ƙwan fitila yana kashe ido. Haka nan mai miƙewa ya zuba miya ko ya ɗauko kula daga tsakiyar tebur yana sunkuyowa, goshinsa na iya taɓa ta. Dole ke nan ta hau sama da layin ido sosai.

Na biyu halin haske. Haske yana raguwa da sauri fiye da yadda mutane ke zato: idan ka ninka nisa sau biyu, abin da ke isa ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Fitilar da ke santimita 80 a saman tebur, idan aka ɗaga ta zuwa 160, hasken da ke sauka kan faranti ya ragu ƙwarai, sauran ya watse a bango. Daga nan sai mutum ya ƙara ƙwai masu ƙarfi, ɗaki ya yi fayau kamar shagon magani, wuta kuma tana ta ci a banza. Ga mai amfani da sola ko inbata, wannan asara ce da zai gani a batirinsa.

Akwai kuma abin da awo ba ya kamawa. Fitilar da ta sauko daidai tana tattara mutanen da ke zagaye da tebur wuri guda, tana ware wurin cin abinci daga sauran falo ko da babu bango a tsakani. A ganina wannan ne babban dalilin sayen ta tun farko.

Idan silin ɗinka ya yi tsawo

Awon 75 zuwa 90 an yi shi ne don ɗakin da tsayinsa ƙafa 8, kimanin mita 2.4, wanda shi ne aka saba gani a gidajen Amurka. Gidajenmu na zamani da yawa sun fi haka tsawo saboda zafi, wasu suna kai mita 3. Ƙa'idar ita ce a kan kowace ƙafa ɗaya da silin ya ƙaru, a ɗaga fitilar inci 3, wato kamar santimita 7 da rabi a kan kowace santimita 30.

A ɗauki ɗaki mai mita 3. Ya ɗara na Amurka da santimita 60, don haka za a ƙara 15, tazarar ta koma 90 zuwa 105 a saman tebur. A ce ka zaɓi 95. Ka cire tsayin tebur 75 da wannan 95 daga 300, saura 130. Wannan shi ne tsawon fitilar gaba ɗaya, daga silin har gindinta. Idan jikinta santimita 60 ne, kana bukatar sarƙa mai 70. Ka yi wannan lissafi kafin ka je kasuwa, domin wasu fitilun da gajeriyar sarƙa suke zuwa, kuma samun ƙari mai launi iri ɗaya daga baya ba ƙaramin yawo ba ne.

Siffar fitilar ma tana da ta cewa. Mai kauri, wadda ba a gani ta cikinta, a kai ta ƙarshen awon na sama. Siririya mai rassa a buɗe tana iya saukowa kaɗan ba ta tare kowa ba.

Faɗinta da inda za ta tsaya

Faɗin fitila ya kasance rabin faɗin tebur zuwa kashi biyu cikin uku. Tebur mai faɗin mita 1 yana son fitila mai santimita 50 zuwa 65, kuma ko yaya ta ragu da aƙalla santimita 15 daga kowane gefe, don kan mai tashi. Dogon tebur na mutum takwas ko goma ya fi dacewa da doguwar fitila ko ƙanana guda biyu.

Tsakiyar tebur ake bi. Sau da yawa mai wayarin ya fito da waya a tsakiyar ɗaki, tebur kuma ya matsa gefe saboda ƙofa ko durowar kwanuka, sai fitilar ta tsaya a kan kujerar wani. Idan an riga an yi haka, ana kafa ƙugiya mai ƙarfi a daidai tsakiyar teburin a ratayo sarƙar ta kai can.

Abin da zai riƙe ta

Nan ne wurin da ba a wasa. Silin POP ado ne, ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. Fitila mai nauyi dole ƙugiyarta ta kama dekin, ko katako ko ƙarfen da ke can ciki sama da silin. Ko a Amurka, dokar wayarin ta ce fitilar da ta wuce kimanin kilo 23 sai an yi mata madogara tata daban, in ba akwatin wayar an ƙera shi don wannan nauyi ba. Lokacin da ya fi dacewa a yanke shawara shi ne kafin masu POP su rufe sama: a san inda tebur zai zauna, a kafa ƙugiya, a fito da waya a wurin. Kuma sarƙa ce ke ɗaukar nauyi, wayar wuta ta bi ta cikinta a sake.

Wanda aka kawo wa fitila daga Amurka ya duba ƙwanta kafin a kunna. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230.

Fanka, ƙura da launin haske

Fankar sama da shandaliya ba sa zama kusa da juna lafiya. Iska tana kaɗa gilasan, kuma idan fikafikan suna ratsa haske sai ya riƙa walƙiya a kan tebur har ya sa ciwon kai. A nesanta su, ko a bar wa wurin cin abinci fankar bango.

Lokacin hunturu ƙura tana hawa kowane gilashi, hasken ya dushe. Fitilar da ke santimita 170 daga ƙasa ana iya goge ta a tsaye, ita kuwa wadda ke manne da silin sai an nemo tsani, kuma abin da ke bukatar tsani kan yi wata da watanni ba a taɓa shi ba.

Ƙwai kuma a nemi mai ɗumin launi, wanda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa. Farin nan tas mai 6500K yana sa miya da nama su yi fari-fari, fuskoki ma haka. In za a sa makunni mai rage haske, a tabbata ƙwan LED ɗin irin wanda ke karɓar ragi ne.

Idan babu tsayayyen tebur fa?

A gidaje da yawa tebur yana nan amma ana matsar da shi idan an yi taro, ko kuma a shimfiɗa leda a ci a ƙasa. To, duk inda mutum zai iya wucewa ƙarƙashin fitila, awon farko ba ya aiki: gindinta ya kasance aƙalla santimita 210 daga daɓe.

Ga mai tsayayyen tebur kuwa, kada a yanke sarƙa a ranar farko. A rataya fitilar, a ɗaure rarar sarƙar a sama, da magariba a kunna. Mafi tsawo a gidan da mafi gajarta su zauna suna fuskantar juna, su faɗi ko suna ganin fuskar juna sosai, ko kuma ƙwan yana shiga musu ido. Sannan dogon ya miƙe ya ɗauko abu daga tsakiyar tebur. Zobe ɗaya ko biyu na sarƙa ake ƙarawa ko a rage har a dace, sai a kashe wuta daga babban makunni, mai wayarin ya datse rarar.