Zanen zamani na Indiya: yadda ya watsu a duniya da yadda Indiyawa ke sayo shi da tsada

Ranar 19 ga watan Maris na 2025, gidan gwanjo na Christie's da ke birnin New York ya sayar da wani zane na Maqbool Fida Husain a kan dalar Amurka miliyan 13 da dubu 750, wato sama da miliyar 8 na kuɗin sefa. Kafin wannan rana babu zanen zamani na Indiya da ya taɓa kai wannan farashi. Sunan zanen Gram Yatra, wato zagayen ƙauye. An yi shi a 1954, tsawonsa ya haura mita 4, kuma an kasa shi gida 13, kowane gida da nasa hoton rayuwar karkara: mata a bakin aiki, dabbobi, manomi.

Zanen daga wani asibiti na birnin Oslo, a ƙasar Norwe, ya fito. Wani likita mai suna Leon Volodarsky, wanda hukumar lafiya ta duniya OMS ta tura aiki Delhi, shi ya saye shi a shekarar da aka zana shi, ya tafi da shi gida, daga baya aka miƙa wa asibitin shi kyauta a 1964. Shekaru sittin yana rataye a bango, nesa da idon jama'ar Indiya.

Haka labarin ayyuka da yawa yake. Babban kaso na abin da masu zane da masu sassaƙa na Indiya suka yi a ƙarni na 20 ya fita ƙasar a lokacin da kasuwarsa ba ta da ƙarfi a gida. Yau kuma attajiran Indiya na bin sawunsa a gidajen gwanjo na Landan da New York.

Mafarin zanen zamani

Indiya tsohuwar ƙasar zane da sassaƙa ce, amma abin da ake kira zanen zamani a ƙarƙashin mulkin Ingilishi ya tsiro. Raja Ravi Varma, wanda ya rasu a 1906, ya ɗauki fentin mai irin na Turawa ya zana labaran addinin Hindu da shi. A 1894 ya buɗe maɗaba'a a Bombay, birnin da ake kira Mumbai yanzu, tana buga hotunansa masu launi da araha, har suka shiga ɗakunan talakawa da kalandun shaguna.

A yankin Bengal wasu suka ƙi bin wannan hanya. Rabindranath Tagore, marubucin da ya samu kyautar Nobel a 1913, ya kafa sashen zane a makarantarsa ta Santiniketan a 1919, inda Nandalal Bose ya koyar da ɗalibai su dubi ƙauye da tsohon zanen ƙasarsu maimakon kwaikwayon Turai. Amrita Sher-Gil kuwa, wadda aka haifa a Budapest a 1913, uwarta ƴar Hungari, ubanta ɗan Punjab, ta yi karatun zane a Paris, ta dawo ta duƙufa kan zana matan karkara. Ta rasu a 1941 tana da shekara 28.

A 1947, shekarar da Indiya ta samu ƴanci, matasa shida suka kafa ƙungiyar masu zane ƴan neman sauyi a Bombay: Souza, Raza, Husain, Ara, Gade da Bakre. Akwai Kirista a cikinsu, akwai Musulmi, akwai Hindu. Burinsu shi ne su yi zanen da zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da na Paris, ba tare da ya daina zama na Indiya ba. Masu kallon finafinan Indiya a nan ƙasar za su so sanin cewa Husain da zana manyan allunan tallan fim a titunan Bombay ya fara neman abinci. Bai rabu da silima ba har tsufansa: a 2000 ya fitar da fim ɗin Gaja Gamini tare da Madhuri Dixit.

Me ya fitar da ayyukan waje?

Dalili na farko shi ne su kansu masu zanen sun fita. Souza ya tafi Landan a 1949, daga baya ya koma New York. Raza ya tafi Paris a 1950, ya zauna Faransa shekara 60 kafin ya koma Delhi a 2010. Da yawa daga abin da suka zana a tsawon wannan lokaci a can aka fara sayar da shi. Husain ma a waje ya ƙare: wasu ƙungiyoyin Hindu sun yi ta shigar da ƙara a kansa saboda yadda ya zana wasu allolinsu, ya bar ƙasar a 2006, ya karɓi takardar zama ɗan Katar a 2010, ya rasu a Landan a 2011.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin masu saye a gida. A shekarun 1950 da 1960 ƙasar na fama da talauci, gidajen sayar da zane kaɗan ne, kuma mai kuɗi ya fi son zinariya da fili. Baƙi ma'aikatan jakadanci, likitoci da injiniyoyi na cikin waɗanda suka riƙa saye, suna cusa zane a akwati idan wa'adin aikinsu ya cika.

Wasu baƙin kuma sun mayar da abin aikin rayuwa. Chester Herwitz da matarsa Davida, masu kamfanin jakunkunan hannu a jihar Massachusetts ta Amurka, sun ƙulla abota da Husain, suka shafe shekaru suna tara ayyukan Indiyawa. Sama da dubu daga cikinsu suna gidan tarihi na Peabody Essex da ke garin Salem yanzu. A Japan, ɗan kasuwa Masanori Fukuoka ya buɗe gidan tarihi na Glenbarra a garin Himeji don ajiye irin waɗannan ayyuka. Ana iya cewa sun samu kaya a araha. Gaskiya ne kuma sun adana abin da ƙila da zafi da damina da gara sun cinye.

Bugu da sassaƙa

Ba zanen fenti kaɗai ake magana ba. Akwai zanen bugu: mai zane ya sassaƙa hoto a kan katako, ko ya ƙarce shi a kan farantin ƙarfe, ya shafa tawada, ya danna takarda a kai. Faranti ɗaya na ba da kwafi da yawa, shi ya sa ake ƙayyade adadinsu. Idan aka ga 7/50 a ƙasan takarda tare da sa hannu da fensir, ma'anarsa kwafi na bakwai cikin hamsin. Wannan ya sa bugu ya fi araha, kuma ta nan masu ƙaramin ƙarfi ke fara tara zane.

Araha ba ta rage wa bugu nauyi ba. Lokacin yunwar Bengal ta 1943, wadda ta kashe miliyoyin mutane, Chittaprosad ya zagaya ƙauyuka yana zana abin da ya gani, ya buga littafi, hukumomin mulkin mallaka suka ƙwace kwafin suka lalata. Krishna Reddy ya yi aiki a ɗakin bugu na Atelier 17 a Paris, inda shi da abokan aikinsa suka kyautata dabarar buga launuka da yawa a dannawa ɗaya, ta hanyar bambanta kaurin tawada. Zarina Hashmi, haifaffiyar Aligarh da ta zauna New York, ta yi wani aiki a 1999 mai takarda 36 na bugun katako, kowace ɗauke da kalma ɗaya ta harshen Urdu game da gida da ƙaura. Wanda ya iya ajami zai gane harufan, domin da harufan Larabci ake rubuta Urdu.

A fannin sassaƙa, Ramkinkar Baij ya gina mutum-mutumin wani iyali na ƙabilar Santal a 1938, da siminti da tsakuwa, a filin makarantar Santiniketan. Yana nan inda aka gina shi, domin ba ya ɗaukuwa. Mrinalini Mukherjee, wadda ta rasu a 2015, da igiyar rama ta riƙa ƙulla manyan siffofi, wasunsu sun fi mutum tsawo, kuma gidan tarihi na Metropolitan a New York ya baje kolinsu a 2019. Subodh Gupta kuwa da kwanoni da tukwanen ƙarfe na madafar Indiyawa yake gina nasa, an kuma nuna su a Monnaie de Paris a 2018.

Yadda kasuwa ta juya

A 1991 Indiya ta buɗe tattalin arzikinta, sabbin attajirai suka taso. A daidai lokacin Indiyawa mazauna Amurka da Ingila, likitoci da ma'aikatan banki da masana kwamfuta, sun yi ƙarfi, suna neman abin da zai tuna musu da gida a bangon falo. A 2000 aka kafa Saffronart a Mumbai, mai yin gwanjo ta intanet. A 2005 wani zane na Tyeb Mehta mai suna Mahisasura ya zama na farko da ya haura dalar Amurka miliyan ɗaya a gwanjo.

Daga nan sai rububi. Mutane suka riƙa sayen zane kamar hannun jari, ba su ma buɗe shi daga kwali ba. Da rikicin kuɗi na duniya ya zo a 2008 farashi ya faɗi, musamman na matasan masu zane da aka zuzuta, masu saye da yawa suka tafka asara. Waɗanda suka farfaɗo da ƙarfi su ne tsofaffin sunaye. A 2010 Kiran Nadar ta buɗe gidan tarihi mai zaman kansa kusa da Delhi, ta zama ɗaya daga cikin manyan masu sayo ayyukan Indiya daga waje don jama'a su gani. A 2023 cibiyar Pompidou ta Paris ta shirya wa Raza babban baje koli, shekara bakwai bayan rasuwarsa.

Abin da doka ta tsare da wanda ba ta tsare ba

A 1972 Indiya ta yi dokar kare kayan tarihi. Ta hana fitar da kayan tarihin da suka kai shekara 100, kuma a ƙarƙashinta aka ayyana ayyukan masu zane tara a matsayin dukiyar ƙasa. Ravi Varma, Sher-Gil, Nandalal Bose, Jamini Roy da mutum uku daga gidan Tagore na cikinsu. Ana iya sayar da aikinsu a cikin Indiya, amma ba ya ƙetare iyaka. Shi ya sa a Delhi aka yi gwanjon wani zanen Sher-Gil na 1937 a watan Satumba na 2023, inda ya kai rupi miliyan 618, kimanin miliyar 4 da rabi na sefa.

Sai dai dokar na da giɓi biyu. Ba ta shafi Husain, Raza, Souza da sa'o'insu ba. Kuma ba ta da iko kan abin da ya riga ya fita. A 2010, wata gidauniya ta Ingila mai suna Dartington Hall ta kai zane 12 na Tagore gwanjo a Landan. An yi ta kiraye-kiraye a Indiya cewa gwamnati ta shiga tsakani, amma aka sayar da su a kan fam miliyan 1 da dubu 600. Abin da ya fita ta halal, hanya ɗaya ce ta dawo da shi: a biya.

Takarda ta fi ido

Inda kuɗi suka taru, jabu na biye. A farkon 2009 an gayyaci Raza buɗe wani baje kolin ayyukansa a Delhi, ya zagaya ɗakin, ya ce da yawa daga cikinsu ba hannunsa ba ne. Aka rufe baje kolin. Idan masu sayar da zane za su ruɗu haka, ina ga mai saye daga nesa ta hoton waya? Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Saboda haka masu saye na ƙwarai ba sa tsayawa kan kyan zane da sa hannu kawai. Suna neman tarihin mallaka: wa ya fara saye, a hannun wa, a wace shekara, da wace rasit, a wane baje koli aka taɓa nuna shi, a wane littafi hotonsa ya fito. Suna duba lafiyar ƙyalle da fenti, da ko an taɓa gyara shi. Suna duba shekarar da aka yi shi, domin aikin da Husain ya yi a shekarun 1950 ya fi na ƙarshen rayuwarsa daraja, lokacin da yake zane da yawa da sauri. Zanen Oslo ya cika waɗannan sharuɗɗa: mai saye ɗaya, asibiti ɗaya, babu duhu a tarihinsa.

Wanda ya san yadda ake sayar da zane a Yamai zai ga kama a nan. Masu zanenmu da masu sassaƙa sun daɗe suna dogara ga baƙi ma'aikatan jakadanci da na ƙungiyoyin agaji, aikin kuma ya bi mai shi cikin jirgi. Babu laifi a wannan ciniki, da shi ake ciyar da iyali. Abin da ya kamata ya rage a gida shi ne hoton aikin, girmansa, shekararsa da sunan wanda ya saye shi, a rubuce cikin littafi. Masu binciken Indiya sun sha wahala wajen gano inda ayyuka irin na Husain suka shiga, domin a lokacin ba kowa ya damu da rubuta irin wannan ba.