Tambayar Likita da Tsoron Uwa a Asibitocin Yara na Amurka

Tun shekarar 2016 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta shawarci likitoci su riƙa tambayar iyaye halin gida: akwai abinci? An biya kuɗin haya? Dalilin a fili yake. Yaro mai ciwon asma ba zai samu sauƙi ba muddin yana kwana a ɗaki mai danshi da kyankyasai, komai tsadar maganin da aka rubuta masa. Kuma yawan irin waɗannan ɗakuna a unguwannin baƙar fata yana da tarihi: a shekarun 1930 hukuma ta shata unguwanninsu da jan layi a taswira, bashin gina gida ya yi musu wuyar samu.

Sai dai tambayar tana da ƙaya. Doka ta wajabta wa likita ya sanar da hukumar kare yara idan ya yi zargin sakaci, kuma sau da yawa talauci ne ake yi wa kallon sakaci. Wani bincike na 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin ɗari na yara baƙar fata hukumar kan binciki gidajensu kafin su cika shekara 18, alhali a yaran ƙasar baki ɗaya kashi 37 ne. Uwa ba ta buƙatar alƙaluma. Ta ga an ɗauke 'ya'yan maƙwabciyarta. In an tambaye ta ko an ɗora tukunya jiya, sai ta ce lafiya lau. Wa zai ga laifinta?

Shi ya sa masu yaƙi da wariyar launin fata a harkar lafiya ke cewa a fara gaya wa uwa dalilin tambayar da wanda zai ga amsarta, kuma kada a tona asirin gida in babu abin taimako a hannu. Misalin irin wannan taimako: a Boston, tun 1993 Dakta Barry Zuckerman ya kawo lauya cikin sashen yara na asibiti, don wasiƙar lauya ta fi ta likita saurin sa mai gidan haya gyara rufi.

Ni dai dabarar garin Flint ta fi burge ni. Dakta Mona Hanna, wadda a 2015 ta fallasa gubar dalma a jinin yaran garin, ta jagoranci shirin Rx Kids a 2024: dala 1,500 ga mace mai juna biyu, sannan dala 500 kowane wata har jariri ya shekara. Duk mai cikin da ke zaune a garin ta cancanta, ba a tambayarta nawa take samu, ba a kuma bin diddigin abin da ta saya da kuɗin.